Tuwon Baba Ya Yi Sanyi

Salama gare ku ƴan uwa. Mako uku ban rubuta komai ba, kuma na ga saƙonninku, har da baiwar Allahn da ta tambaya ko an ɗaura mini aure ne na ɓoye. Ba a ɗaura ba. Wata na'ura ce ta lalace a kicin ɗinmu. Kafin ku yi dariya, ku bari in gaya muku abin da ta jawo.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Hanifa, shekaruna ashirin da bakwai, ina aiki a wani famasi, wato shagon magani, kusa da tashar Konni. Mu biyu ne a gida, ni da Baba. Inna ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Baba, Alhaji Alkasum, tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin yana hanyar Kwatano. Bayan rasuwar Inna da shekara ɗaya hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Yana takawa da sanda, yana magana, amma hannun hagun a rataye yake, ƙafar kuma jan ta yake yi.

Shi ya kawo na'urar nan daga Kwatano ina ƴar shekara goma sha huɗu. Mikro-ond ce, wato na'urar ɗuma abinci, amma ba irin ƙananan da ake ajiyewa kan tebur ba. Babba ce, fara, an kafe ta a bango saman murhun gas, ƙasanta akwai fitila da fanka mai zuƙe hayaƙin girki. Ta hannu ce, daga ƙasar da wutarsu ba irin tamu ba, don haka ba a haɗa ta da soket kai tsaye. Sai ta bi ta wani baƙin akwati mai nauyi da ake cewa tiransfo, wanda aka ɗora can saman kabad. Inna ta yi shekara guda ba ta yarda da ita ba. Cewa take abin da ke dafa abinci ba wuta ba hayaƙi, a bar wa masu shi. Daga baya ita ce ke goge ta da tsumma kowace safiya.

Tunda Baba ya kwanta, wannan na'ura ce ta riƙe gidanmu. Da asuba nake tuƙa tuwo, in zuba masa a roba mai mariƙi, miyar kuɓewa ba gishiri sosai kamar yadda likita ya ce. Da azahar ya tashi da sandarsa, ya jingina da kantar kicin, ya sa robar da hannun dama, ya danna maɓalli guda da na liƙa wa jan salatif. Minti biyu. Gas kuwa na hana shi taɓawa tun ranar da na dawo na tarar gidan yana wari, ya murɗa ya kasa ƙyasta ashana da hannu ɗaya. Kular abinci ma ba ya iya buɗe marfinta. Saboda jan salatif ɗin nan nake iya fita ƙarfe bakwai da rabi in dawo bayan la'asar hankalina kwance.

To ranar wata Litinin na dawo, ko nikabin fuskata ban gama cirewa ba, na ga robar a kan tabarma kusa da shi. Loma biyu ya ci.

"Baba, ba ka da lafiya ne?"

"Lahiya lau. Sanyi gare shi."

"Ba ka danna ba?"

"Na danna har sau ukku. Tana kuka, tana juyi, tuwo na hitowa yadda ya shiga."

Na sa kofin ruwa na gwada. Fitila ta kama, farantin gilashi yana juyawa, ƙarar nan tana nan. Minti biyu suka cika, na tsoma yatsa, ruwan kamar yanzu na ɗebo shi daga randa. Na tsaya a kicin da jakata a kafaɗa, ban san lokacin da idona ya cika ba. Wata za ta ce don ƙarfe? Ba don ƙarfe ba ne. Na san wayar da za ta biyo baya.

Ko kwana ba a yi ba kuwa. Gwaggo Zalika, yayar Baba da ke gidanmu na gado a Illela, tamu ta nan ba ta ƙetaren iyaka ba, ta aiko saƙon murya na minti huɗu.

"Hanifa, kowa ya san ke ɗiya ta gari ce. Amma ƙanena ba ɗan kaso ba na. An rufe mutum cikin gida shi da bango, yau kuma an ce ko tuwo mai zahi babu. Ki bari a maido shi gida. Ga ɗaki, ga mutane, ga jikoki. Ke kuma ki tahi ɗakinki. Yaron nan na Malbaza haƙuri gare shi, amma haƙuri ma shina da iyaka."

Yaron nan na Malbaza shi ne Sabi'u. Yana kula da ma'ajiyar kaya a kamfanin siminti, shekara biyu ke nan yana zuwa kowace Lahadi a kan babur ɗinsa, kullum da shadda mai guga da leda ta lemu ko kankana. Ba wanda ya tilasta mini shi, ni na ba shi lambata. Duk ranar da ya kawo maganar turo manya, amsata ɗaya ce, wa zan bar wa Baba? Ya taɓa cewa mu tafi da shi Malbaza. Baba ya ce shi bai ga ranar da zai kwana ƙarƙashin rufin suruki ba.

Ban amsa wa Gwaggo ba. Na tura wa Sabi'u saƙo.

"Mikro-ond ta daina zafi."

"Subhanallah. Baba ya ci abinci?"

"Na ɗuma masa a gas."

"Akwai wani dattijo bayan kasuwa, Malam Dogo. Shi ke gyara firigo da irinsu. In kira shi?"

Washegari na nemi izini a wurin aiki. Malam Dogo ya zo da hantsi, kuma sunan bai yi ƙarya ba, sai da ya sunkuya a ƙofar kicin. Farin gemu, tabarau ɗaure da zare, jakar buhu cike da kayan aiki. Bai taɓa komai ba sai da ya sa na maimaita masa gwajin ruwa a gabansa. Ya kasa kunne.

"Fitila na kamawa, faranti na juyi, zahi babu. To ba wutar gida ba ta, ba tiransfo ba na. Cikinta abin yake. Ki cire ta daga wuta, sannan ki zo ki tallabe ƙasa. Ba a sauke wagga mutum ɗaya."

Ya kwance dogayen kusoshi biyu ta cikin kabad ɗin sama, na'urar ta sunkuyo kan hannuwana. Ban san tana da nauyi haka ba. Muka ɗaga ta daga ƙarfen da ke riƙe da ita a bango, muka dire a kan tabarma a tsakar gida. Inda ta bari a bangon fari ne tas, fentin zamanin Inna. Ragar ƙarfen da ke ƙasanta ta toshe da maiƙo har ta yi baƙi. Malam Dogo ya ɗaga ta sama ya dube ni ta saman tabarau.

"Yaushe rabon a wanke wagga?"

Na sunkuyar da kai. Ni ban ma san ana cire ta ba.

"In raga ta toshe, iska ba ta wucewa, ciki ya yi ta ɗaukar zahi. Ruwan zahi da omo, duk wata."

Da ya buɗe jikinta na miƙa hannu zan nuna wata waya, ya buge mini yatsu da bayan sukudireba.

"Kul. Kin ga wanga gwangwanin? Kondansater. Ko an cire ta daga bango shina riƙe da wuta, kuma wutar da ke kashe mutum. Kada ki yarda kowa ya buɗe in bai san aikin ba."

Ya sauke wutar da wani ƙarfe mai mariƙin roba, sannan ya fito da mita. Ya fara da ƴan maɓallan da ke bayan ƙofa, ya ce su ne suka fi saurin mutuwa saboda bugun rufewa, amma namu lafiya lau. Gwangwanin ma lafiya. Sai ya ciro wani ɗan baƙin abu kamar yatsa, ya ce diyod, ya mutu. Daga nan ya kwance wani akwatin ƙarfe mai haƙarƙari, ya nuna mini kansa da ya ƙone ya yi tabo.

"Ga mai yin zahin. Manyetaron. Shi ma ya tahi."

"Ana samu?"

"Shekara nawa tana gidan ga?"

"Sha uku. Kuma ta hannu ce."

Ya yi ƴar dariya. "Irinsu shekara tara, goma, in an lallaɓa. Wagga ta ci nata ta ci na wani. Gaskiya in ɗiyata ce ni cewa zan yi ta haƙura. Yau ki canza wanga, gobe allon maɓalli ya tashi, shi kuwa ba ki samu nai ko Kano."

"Malam, a gyara."

Ya dube ni, ya dubi Baba da ke zaune a kujerarsa ƙarƙashin rumfa. Ya nuna mini takardar da ke liƙe a bakin ƙofar na'urar da lambar da ke jikin manyetaron ɗin, ya ce in ɗauki hoto, sai a Sakkwato za a samu.

Sabi'u ne ya ɗauki nauyin neman. Abokinsa ya aiko da guda bayan kwana biyar, Malam Dogo ya gwada, kunnuwan da ake ɗaure shi da su suna kallon wani gefe daban, bai zauna ba. Aka mayar. Na biyun daga jikin wata matacciyar na'ura irin tamu aka ciro shi, shi ne ya zauna. Duka dai kwana goma sha shida.

A kwanakin nan, kullum sha biyu da rabi ina kan kabu-kabu, rana tana dukan bayana ta cikin farar rigar aiki, in zo in ɗuma tuwo in koma. Mai famasin agogo kawai yake kallo in na shigo. Na rame. Amma akwai abin da na gani ban tsaya na fahimta ba. Malam Dogo ya riƙa leƙowa ko babu dalili, wai ya zo duba ko kaya sun iso. Ashe ya taɓa yin karen mota a hanyar Gaya yana saurayi. In na shigo sai in tarar da su biyu a rumfa, ana labarin gadar Malanbil da wani ɗan duwan, wato jami'in kwastan, da ya kwana cikin buhunan albasa. Ran nan tun daga zaure na ji wata dariya, na tsaya. Na manta yadda dariyar Baba take.

Unguwarmu sabuwa ce, gidaje masu dogon bango, yawanci ma'aikata ne da ake kawowa a ɗauke. Masallaci ya yi wa ƙafar Baba nisa. Abokansa na tasha wasu sun rasu, wasu sun gaji da zuwa. In na fita, daga shi sai rediyo.

Ranar Alhamis aka mayar da na'urar bango. Kofin ruwa ya fito yana tururi. Na yi ta godiya har Malam Dogo ya ji kunya. Na juya ina cewa, "Baba, ka ga, an gama." Ya gyaɗa kai.

"Hanifa, Illela dai..."

"Baba, ai magana ta ƙare. Ga jan salatif ɗinka nan, minti biyu kawai."

Na tura wa Gwaggo hoton kofin da tururinsa. Allah ya yafe mini, da gayya na yi.

Lahadi ni ke da gadi, wato zaman aiki, a famasi har yamma. Sabi'u ya zo bai same ni ba, ya zauna da Baba, ya bar mini kankana da saƙo: "Na gaida Baba. Kin yi ƙoƙari, ki huta." Litinin na dawo na tarar da roba a kan tabarma, tuwo ya sandare. Wannan karon ko fitila ba ta kamawa. Agogon jikinta ya mutu. Fankar ɗaki kuwa tana juyawa, wuta tana nan.

Na zauna a daɓen kicin da atamfata sabuwa, mai ruwan ganye da na ɗinka don murnar gyaran, na kira Malam Dogo.

Ya zo Talata bayan la'asar. Ya danna, shiru. Ya gwada soket da mita, akwai wuta.

"In komai ya mutu gaba ɗaya, daga bango aka farawa. Ba ni kujera."

Ya hau, ya jawo tiransfo daga saman kabad, ya murɗe wani ɗan baƙin marfi a bayansa. Ya leƙa ramin. Ya karkata shi a tafin hannunsa, ba abin da ya faɗo.

"Nan fizibil ke zama. Ƴar kwalba ce kamar guntun alli, da siririyar waya ciki. In wuta ta yi yawa sai ta tsinke don ta tsare sauran."

"Ta ƙone ke nan?"

"Da ta ƙone da mun gan ta baƙa. Babu ta. Cire ta anka yi."

Ya sauko a hankali, ya mayar da kujerar inda take. Ya ce yana da irinta a shago, in ina so gobe ya kawo. Ya tattara jakarsa, ya tsaya wajen Baba suka yi musabaha, ya fita bai zauna hira ba.

Na daɗe a kicin ina kallon saman kabad. Ni kaina sai na taka kujera nake kaiwa. Baba ko dokin ƙofa sai ya dafa yake ƙetarewa.

Na fito na durƙusa gabansa. Yana sanye da farar jallabiyarsa, carbi a hannun dama.

"Baba, wa ya hau saman kabad?"

Bai yi gardama ba. Ya ajiye carbin a cinya, ya sa yatsu biyu a aljihun gaba, ya ciro ƴar kwalbar. Wayar cikinta lafiya lau.

"Ni na sa Sabi'u. Ya ƙi, ya ƙi, har na ce mashi in bai hau ba ni zan hau, in na faɗi shi ya sani."

"Don in yi aure?"

"Haka Zalika ke zato. Ke ma haka za ki zata, don ya hi daɗin ji." Leɓensa na hagu yana ɗan rawa kamar yadda yake yi in ya gaji. "Ɗiyata, ba ki rage ni da komai ba. Abinci, magani, wanki. Amma daga sa'ad da kinka ja ƙofa da sahe har ki dawo, ba ni jin muryar ɗan Adam sai ta rediyo. Wani yini in na buɗe baki in amsa sallamarki sai in ji murya ta maƙale, don ban yi amfani da ita ba. Shekara ukku. Kwanakin da abin nan ya lalace, kina shigowa da rana, Dogo na zuwa. Na ji kamar an sake ni. Ranar da anka gyara, ke kina murna, ni ina lissahin awoyi."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Sau nawa ina farawa?"

Na tuna ranar Alhamis, na tuna wasu ranakun kafin ita.

"Illela akwai dakali ƙofar gida," ya ce. "Masallaci taku ashirin. Waɗanda munka yi kiwon awaki tare suna nan, sun tsufa kamar ni. Ina son in zamna cikinsu tun ina gane su. Ba gudunki nike ba."

Ya kamo hannuna ya sa mini ƴar kwalbar a tafi, ya naɗe yatsuna a kanta.

"In kin so ki maida. Abinki na. Amma na yi magana da Zalika, Jumma'a bayan an sauko mota na zuwa."

Ƴan uwa, shekara uku ina gaya muku ni ce ke zaune saboda Baba. Kun yi ta sa mini albarka a ƙarƙashin kowane rubutu, ni kuma ina karantawa ina jin daɗi. Ban taɓa tambayar kaina wa ke zaune saboda wa ba. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, na dubi labulen Inna, da sallayar Baba da nake hangowa ta taga, na ƙirga kwanaki. Uku. Ranar Asabar zan tashi da asuba ba wanda zan tuƙa wa tuwo. Zan dawo bayan la'asar in yi sallama a zaure ba mai amsawa.

Kuma abin da ya fi tsorata ni, in faɗa muku tsakani da Allah, ba fushin da nake yi da Sabi'u ba ne, ko da yake ina yi. Ya bar mini saƙo ya ce in huta, alhali ya san abin da hannunsa ya yi. Abin da ya tsorata ni shi ne, shekara biyu amsa ɗaya nake ba shi, kuma yau an karɓe ta daga bakina. In ya sake tambaya, sai dai in faɗi abin da ke raina ni kaina. Na duba, na duba, ban san me ke ciki ba.

Wayata ta yi ƙara a kan filo, saƙon Sabi'u ne. Yau Talata, ba ranar zuwansa ba ce.

"Malam Dogo ya kira ni. Na san kin sani. Ban zo in kare kaina ba."

Wani saƙon ya sake shigowa.

"Ina ƙofar gida. In kin ce in koma, zan koma, kuma ba zan sake damunki ba sai kin neme ni."

Na ja mayafi na fito. Baba bai ɗago ba, carbinsa yake ja. Na ratsa tsakar gida na shiga zaure. Ta ƙasan ƙofa ina ganin inuwar ƙafafunsa da tayar babur, injin yana ƙyas-ƙyas yana hucewa, ƙurar hanyar Malbaza a kan takalmansa. Bai ƙwanƙwasa ba. Na ɗora hannu a kan sakata, sai na ji ya yi gyaran murya ta bayan ƙarfen, a hankali ya ce:

"Hanifa, na ji takunki. Tambaya ɗaya na zo da ita, kuma yau ba Baba a cikinta."